Haƙoran da ke Shafi na Sha Tara

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan makaranta

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Nayeli da muke zama benci ɗaya. Haƙoran da ke shafi na sha tara a mujallar jami'ar da Mama ke aiki, nawa ne. Ba fuska, ba suna. A ƙasa an rubuta: yarinya, shekara takwas, Noria del Cuervo. Leɓɓa ne kawai da yatsun Mama suka ɗage, sai haƙora masu tabo kamar an ɗiga musu kofi. Mama ta sani, Kaka ta sani, ni na sani.

Yanzu shekarata sha uku. Tabon ya ƙara duhu, na gaba guda biyu sun fara ɓarewa. A ƙauyenmu ba wanda ya damu, rabin yara haka suke, ruwan rijiya ne. Amma a sakandaren babban gari da na shiga bana, Bakin Tsatsa suke ce min. Shi ya sa ba na ɗaga hannu ko na san amsa. In dariya ta zo min, tafin hannuna na rigan ta.

Na fara rubutun nan ne don gidanmu ya canza. Shekaranjiya Kaka ta yi tamale, ƙullin masara mai kama da alale, na bikin Candelaria da ake yi a coci, Mama ta ɓare ɗaya ta bar shi ya huce a faranti.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da yamma

Yau na ji dalili. Ina tsince wake, Mama da Kaka suna kicin, sun manta da ni kamar kullum.

Akwai kwamiti a jami'a da zai duba aikin Mama a ƙarshen shekara, ya ce ta zauna ko ta tafi. Kaka ta ce, "To ai kin yi aikin. Rijiya nawa kika leƙa, takalmi nawa kika kashe?"

Mama ta ce, "Ba rijiya suke ƙirgawa ba, Inna. Suna ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci rubutuna a cikin nasu."

"To sau nawa ne?"

"Huɗu."

"Ɗari huɗu?"

"Huɗu, Inna. Biyu daga ciki ma ni na ambaci kaina."

Kaka ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Ofe, ai ni kaɗai yau na ambace ki ya fi sau huɗu, kuma ba da alheri ba. Ki ce su zo su rubuta."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce mujallarmu da harshenmu ake buga ta, manyan da ke ƙasashen waje ba sa karanta ta, injin da ke ƙirgar ma bai san da ita ba. Abin da ba a ambata ba, wai kamar ba a yi shi ba ne.

Kamar ba a yi shi ba. Na taɓa haƙorana da harshe. Suna nan.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da rana

Na raka Kaka asibitin sha-ka-tafi a auna mata jini. Shafukan Mama suna nan manne a bango kusa da ma'aunin nauyi, Nas Imelda ta kwafe su tuntuni. Shafi na sha tara ya yi baƙi a gefe saboda yatsun mutane. Wata mata ta ɗaga ɗanta, ta buɗe bakinsa, ta dubi hoton, ta dubi yaron, ta sake duban hoton. Ina zaune kusa da ita, hannuna a baki.

Wannan matar ba ta cikin huɗun.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Mama ta gama auna sabuwar rijiyar, wadda ke ba famfon firamare ruwa. Ta fi tsohuwar muni. Sinadarin nan ne dai, fuloraid, daga duwatsun ƙasa yake fitowa, ba ya wari, ba ya ɗanɗano. Ƙanena Efraín a wannan famfon yake sha, ajinsa ɗaya.

Ta je wurin shugaban ƙaramar hukuma. Shi ya haƙa rijiyar, akwai sunansa a jikin tankin. Ya ce mata shi ba ya rufe rijiya don maganar baki. Ta kawo masa a buge, a mujalla, yadda zai nuna wa na sama da shi.

Don Eusebio, tsohon da ke shirya mujallar jami'a, ya ce in ta ba shi rubutun yanzu zai fito a Afrilu. Shugaban sashenta, Dokta Valadez, ya ce kada ta kuskura. A aika waje, da Turanci. Su kuma na waje ba sa karɓar abin da aka riga aka buga a wani wuri, kuma kafin su buga sai shekara da rabi. Amma takardar da za ta nuna sun karɓa kawai ta isa kwamiti ya bar ta.

Ɗaya ce za a zaɓa. Na tambayi Mama me ya sa ba za a yi duka biyun ba. Ta ce, "Haka dokarsu take, Bris." Na ce dokar wa? Ta ce in je in kwaso shanya.

Talata, 11 ga Fabrairu, da safe

Na cika wa Efra gora da ruwan sayarwa. Na ce in na ji ya sha na famfo zan murɗe masa kunne. Ya ce, "Kowa a can yake sha, Bris. Sai ni ne ɗan sarki?"

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da yamma

Ya dawo da gorar a cike.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da la'asar

Dokta Valadez ya zo gidanmu da motarsa. Na so ya zama mugu, da ya fi min sauƙi. Sai ga shi ya cire hula ya gaida Kaka, ya ci tortilla bakwai, gurasarmu ta masara, ya ce rabonsa da irinta tun uwarsa na da rai. Kaka ta ce, "Ci, Dokta, da ruwan rijiyarmu aka kwaɓa." Ya ɗan tsaya da tauna. Ta ce, "Wasa nake yi." Ba wasa take ba.

Ya zo da wata mujallar waje mai santsin takarda ya ajiye a tebur. Da suka fita duba tankin, na buɗe. Ba na jin Turanci sai kaɗan, amma bakina ba ya buƙatar fassara. Hoton nan ne, yatsun Mama da komai. A ƙasa sunan Dokta Valadez.

Da suka dawo ban rufe ba. Mama ta gani, ta sunkuyar da kai. Shi ya yi bayani, ba tare da an tambaye shi ba. Wai shekaru uku da suka wuce ya tattara duk binciken da aka yi a jiharmu ya taƙaita da Turanci, ya ari hoton a wurin Mama, kuma ya sa sunanta a jerin ƙarshe. Ya nuna min. Yana nan, da ƙananan haruffa kamar tururuwa. Amma duk wanda ya zo daga baya, nasa ya karanta, shi ya ambata. Sama da mutum ɗari biyu.

Ya ce wa Mama, "Ba ni na tsara duniya ba, Ofelia. Ina nuna miki ƙofa ne kawai. Wannan karon sunanki ne a gaba."

Sai ya juyo gare ni. "Ke ce mai hoton, ko? 'Yan mata, bakin nan naki ya je Jamus, ya je Japan. Ɗan yi min murmushi mana."

Ban yi ba.

Ya ce abin da zai sa na waje su karɓa shi ne hoto biyu gefe da gefe, baki ɗaya, shekara biyar tsakani. Yaran da aka ɗauka tare da ni wasu sun bi iyayensu arewa, ƙetaren iyaka, wasu hotonsu bai fita ba. Nawa ne kaɗai ya yi kyau. Ya ce, "In babu hoton nan na biyu, labarin rijiyar ƙauye ne kawai, ba za su kalla ba. Sai dai ki kai wa Don Eusebio." Ya yi dariya, kamar ya ce sai dai ki zuba wa kaji.

Bakina ya je Japan. Ni ko babban birnin jiha sau biyu na taɓa zuwa.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma

Ba zan rubuta abin da Mama da Kaka suka faɗa wa juna a kicin ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan makaranta

Ba sa magana. Kaka tana aiko ni: gaya wa Dokta, wato Mama, abinci ya nuna. Mama tana aiko ni: gaya wa kakarki na ƙoshi. Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba.

A kan tukunya ne. Mama ta tarar Kaka tana tafasa ruwan rijiya za ta dama wa Efra atole, kunun masara. Kaka ta yarda duk abin da ya tafasa ya tsarkaka, haka uwarta ta koya mata, haka ma ake faɗa a rediyo lokacin amai da gudawa. Amma wannan ba ƙwayar cuta ba ce da wuta ke kashewa. In ruwan ya ƙone, sinadarin sai ya ƙara taruwa. Mama ta faɗa mata sau ba adadi, Kaka ta ce e, in Mama ta hau bas ta ɗora tukunya.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Sauran, wanda ya shafi shekarun da Mama ke karatu a birni ni ina nan, da wanda ya bar wa wani yarinya, da wanda ya tashi kullum da asuba ya hura wuta don ya tafasa mata ruwa, ba zan rubuta ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Haƙorin Efra na ƙasa ya faɗi tun makon jiya, ya sa a ƙarƙashin filo, ɓeran haƙori da ake ba yara labari ya zo ya ɗauka ya bar masa alewa. Ni ce ɓeran, haƙorin na cikin kwalin ashana a akwatina. Fari tas, ɗan ƙarami.

Sabon ya fara leƙowa. Yau Mama ta kira shi tsakar gida inda rana ta fi haske, ta ce ya ce aaa. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Je ka yi wasa." Da ya tafi na ce mene ne. Ta ce ba komai. Na kama shi a bayan gida na duba da kaina. Akwai ɗan fari-fari a bakin haƙorin, kamar alli. Nawa ma da haka suka fara.

Na koma na ce mata na gani. Ta ce wannan ya riga ya faru tun yana cikin dasashi. Na ce sauran fa? Ta ce na can baya ba su gama ginuwa ba, sai ya kai kamar shekara takwas.

Shekararsa shida da wata biyar. Na iya lissafi, ko ba na ɗaga hannu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Taron gari. A wurinmu duk wanda ya ɗebi wani abu na gari, ko yashi ne ko itace, sai ya dawo gaban taro ya faɗi abin da ya yi da shi. Mama ta ɗebi ruwa, saboda haka aka kira sunanta bayan maganar shingen makiyaya.

Ta tashi ta ce ruwan firamare ba shi da kyau, kada yara su sha. Wata ta ce, "To su sha me, Dokta? Mai yara biyar gora nawa zai saya?" Wani ya ce ina takardar da shugaba ya nema. Mama ta ce tana hanya. Aka ce wace hanya? Ta ce za a aika waje, zai ɗauki lokaci.

Don Cleto mai awaki ya miƙe, bai ko cire hula ba. Ya ce, "Ofelia, ni na san ki tun kina yawo ba takalmi. Kun ɗebi ruwanmu, kun ɗebi fitsarin jikokinmu a kwalba, kun leƙa bakinsu kamar masu cinikin jaki. Yanzu kuma sai a rubuta da Turanci? Awakina ne za su karanta mana?"

Aka yi dariya. Kaka ce ta tashi, ita da ba ta yi wa Mama magana ba kusan mako. Ta ce, "Cleto, zauna. Kai ko da harshenmu aka rubuta, juye takardar kake riƙewa." Dariyar ta koma kansa. Amma a hanyar gida ta wuce gaba, ba ta jira mu ba.

Ni ina bayan ɗakin taron, kusa da ƙofa. Na so in yi magana.  Hannuna ya tashi da kansa ya rufe bakina.

Talata, 25 ga Fabrairu, da safe a bas

Wani ɗan aji biyu ya ce, "Bakin Tsatsa, a kawo miki man birki?" Na dube shi har ya juya kai. Ban san na iya haka ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da yamma

Mama ta yanke. Waje.

Ta zaunar da ni a bakin gado ta faɗa min kamar babba. Ta ce, "Bris, in suka sallame ni, wa zai auna rijiya ta gaba? Akwai ƙauyuka tara da ban kai ba. In na waje suka buga, gwamnati ma ta fi jin kunyarsu a kan ta Don Eusebio. Wataƙila a kawo injin tacewa, ba rufe famfo ɗaya kawai ba."

Na ce wataƙila.

Ta ce, "E, wataƙila."

Na ce, mutanen nan da za su ambace ki, akwai wanda zai zo ya ga Efra? Ta ce ba haka abin yake ba. Na ce to yaya yake? Ta shafa kaina ta ce na yi ƙanƙanta. Ɗazu nan nake babba.

Ba ta yi ƙarya ba, na sani. Ina ganin ta da ƙamus tana juya jimla ɗaya har abinci ya huce. Ina ganin ta ɗauke da gorar ruwa daga tasha, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ba na fushi da ita. Na rubuta ba na fushi da ita, na karanta, ban goge ba.

Asabar, 1 ga Maris, da rana

Huɗu. Ɗari biyu. Baki ɗaya.

Litinin, 3 ga Maris, bayan makaranta

Ranar Alhamis ɗalibin Dokta Valadez zai zo da kyamara, a asibiti za a ɗauka. Na sauka a bas na biya ta can, na ce wa Nas Imelda kaina ke ciwo. Ta dube ni ta ce, "Kanki lafiyarsa ƙalau. Faɗi abin da ya kawo ki, 'yar Dokta."

Na ce wancan karon ba wanda ya tambaye ni. Ta ce wancan karon ina ƙarama, yardar uwa ta isa. Yanzu na wuce sha biyu, sai na yarda da bakina a gabanta, ita ce shaida.

Na ce in na ce a'a fa?

Ta ce, "To a'a ce."

Na ce ko Mama ta ce e?

"Ko shugaban ƙasa ya ce e."

Na daɗe ina kallon shafin da ke bango. Sannan na ce, in na ce e ga wata mujalla, a'a ga wata fa?

Ta ajiye auduga. Ta ce, "Briseida, kin san abin da hakan zai ja wa uwarki?" Na ce na sani. Ta ce, "Ni ba zan ce miki yi ko bari ba. Ina da 'ya mai shan ruwan famfon nan, maganata ba za ta zama ta gaskiya ba." Ta ba ni ƙwayar ciwon kai duk da haka, wai don kada a ce na zo a banza.

Talata, 4 ga Maris, da yamma

In aka sallami Mama, ban san inda za mu je ba. Kawuna da ke arewa ya ce akwai aiki a kamfanin gwajin abinci. Mama ta ce gara ta sayar da tortilla a tasha. Na yi tunanin ƙauyuka taran nan. Na yi tunanin yadda za ta dube ni. Wannan ya fi komai.

Sai Efra ya shigo gaban rigarsa a jiƙe, yana haki, sun buga ƙwallo a filin makaranta. Ban ma tambaye shi inda ya sha ruwa ba.

Laraba, 5 ga Maris, kafin faɗuwar rana

An shafa mana toka a goshi a coci da safe, alamar shigowar azumi. Kaka da Mama sun tsaya layi ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, har yanzu ba magana. Da muka dawo na ga tukunyar tafasa ruwa a kife a kan katanga, Kaka ta shuka barkono a gwangwani ta ɗora a kai.

Mama ta goge min farar rigata. Ta ce in wanke baki sosai gobe, kada in sha komai mai launi. Ta tsefe min gashi ta yi min kitso biyu, ko da yake gashin ba zai fito a hoto ba. Hannunta a hankali yake tafiya. Ta ce, "Minti biyu ne kawai, Bris. Ki buɗe, a ɗauka, shi ke nan." Na ce na ji.

Na ɗauko mujallar jami'a daga kan kabad, mai shafi na sha tara, na sa a jakata. Gobe in Nas Imelda ta tambaye ni, zan ɗora ta a tebur. Zan ce in don wannan ne, ta Afrilu, zan buɗe iyakar yadda bakina ke buɗuwa. Su ɗauka har da fuska in suna so, su sa sunana duka, a manna a bangon asibiti, a kai wa shugaba, 'yan ajinmu su gani. In don waccan mai santsi ce, a'a.

Ban gaya wa kowa ba. Na gwada faɗin kalmomin a bayan gida, awakin Don Cleto na kallona ta shinge. Muryata ta yi rawa a na farko, a na uku ba ta yi ba.

In ma ta ƙi fita goben, ba komai. Tun ina ƙarama ake ce min buɗe baki, yi magana, yi murmushi, ina rufewa don kunya. Na iya rufe shi fiye da kowa a ƙauyen nan. Gobe hannuna zai zauna a cinyata, leɓɓana kawai sun isa.